Zance a Ƙofar Marusa Bayan Furfura

A da, lokacin da nake koyar da Turanci a wata makarantar horon malamai a nan Katsina, idan na shiga aji da littafin wasan kwaikwayon Ingila a hannu, ɗalibai sai su yi tsit suna jiran mu kai wurin da masoya za su yi magana. Yanzu jikokina a waya suke kallon irin wannan, suna tura shi gaba da yatsa kafin mutumin ya gama faɗin abin da ke ransa. Littattafan suna nan cikin kabad. Ina ganin su ta gilashi kamar yadda nake ganin kofunan da ke kusa da su.

Su ɗalibaina, samari da 'yan matan cikin wasannin suke so, waɗanda suke haɗuwa yau su rantse za su mutu gobe. Ni manyan ne suke burge ni. Namijin da ya fara furfura, ya sha yaƙi ko mulki har ya gaji, da macen da ta san duniya, ba ta sunkuyar da kai, idan ya faɗi ɗaya ta mayar masa da biyu. Sukan yi ta tsokanar juna, kowa na cewa ya wuce wannan shirme, sai kuma ka ga sun faɗa ciki. Na kalle su a wani gidan wasa a Landan ina rawar sanyi cikin kwat ɗin aro. Na zauna Alƙahira, na ga Larabawa suna zuba soyayyarsu cikin waƙa. A Yamai na ji masu Faransanci suna hirarta a wurin shan shayi kamar hirar siyasa. Turawan Ingila kuwa, da ba sa ko gaisuwa a jirgin ƙasa, sai su biya kuɗi su je su ga dattijo yana kuka a kan mace a gaban jama'a. Na daɗe ina ganin sun fi mu a nan.

Ni da mai ɗakina ba mu taɓa yin irin wannan magana ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba, Malam take ce mini. Idan na dawo da rana za ta kawo fura, ta zauna gefe ta dama, ta ɗanɗana, sannan ta miƙo mini ludayin ina karatu, in karɓa ba tare da na ɗago ba. Haka muka yi har 'ya'yanmu suka aurar da nasu.

Da damina ta rasu, bayan gajeriyar jinya. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, jama'a suna zuwa suna ta'aziyya, ina amsawa har bakina ya koma yi da kansa. Na jira kuka irin na mutanen nan da na gani a Landan, bai zo ba. Wani abu ma bai zo ba. Ina cin abinci, ina zuwa masallaci, ina jin kamar wani ne yake yi ina kallo.

Mace idan mijinta ya mutu tana da takaba, watanni ne kowa ya san nata ne, ba mai taɓa ta. Namiji ba shi da wannan. Ranar da aka naɗe tabarmi, ranar aka fara duba masa mata.

Wani tsohon abokina, mai sayar da yadi a Babbar Kasuwa, shi ya same ni a zaure.

"Malam, haka za ka zauna kamar tsohon turmi? Dube ka, wuyan rigarka ma a karkace."

"Ina nan lafiya, Alhaji."

"Lafiyar mi? Akwai ƙanwar matata a Ƙofar Marusa. Ungozoma ce ta yi ritaya, mijinta ya daɗe da rasuwa. Amma fa tana da baki. Kai da ka cika mu da labarin matan Turawa masu baki, to ga taka."

Na yarda, ba don ina so ba. Na ce a raina in har akwai sauran wani abu a ƙirjina, irin wannan macen ce za ta tashe shi. Abin da na je nema ke nan. Ina son in san ko na mutu ne ni ma, ko barci nake.

Na je bayan la'asar, da turare a aljihu kamar yadda ya ce in yi. Ta fito zaure da mayafinta, ta zauna a kujera, ba a tabarma ba. Muka gaisa, ta yi mini ta'aziyya, na amsa. Sai ta dube ni sama da ƙasa.

"An ce kana jin harsuna da yawa, Malam."

"Kaɗan dai, Hajiya."

"To da wanne ka zo? Don na Hausar na ga kamar ka baro shi gida."

Na san wannan magana ce mai kyau. Da a littafi na same ta, da na ja mata layi na karanta wa ɗalibai. Na lura idonta yana da haske, hannuwanta masu ƙarfi ne, dariyarta ba ta neman izinin kowa. Duk na ga wannan kamar mai duba yadi a rumfar abokina, ya san mai kyau ne amma ba saye ya zo ba.

Ta yi ta ƙoƙari. Ta ba ni labarin jariran da ta karɓa, waɗanda yanzu suke wuce ta a mota ba gaisuwa. Ta tambaye ni ko gaskiya ne Turawa ba sa cin yaji. Ina amsawa da kalma ɗaya ko biyu. Can ta tashi ta shiga ciki, ta dawo da ƙwaryar fura da nono, ta ajiye a gabana da ludayi a kan faifai, ta koma kujerarta.

Ina kallon ƙasa, sai na miƙa hannuna gefe, a buɗe, na bar shi a nan. Ban san na yi ba. Ban san tsawon lokacin da ya yi a haka ba.

"Malam," ta ce. Muryarta ta sauka. "Wa kake jira ya miƙo maka?"

Na dubi hannun. Na janye shi na ɗora a gwiwa.

"Ita take dama maka ko?"

Na ce e.

Ta gyara mayafinta. "Ni ma nawa, na fi shekara ina zuba masa ruwan alwala da asuba kafin in tuna. Amma ni an ba ni lokaci na zauna. Kai tura ka aka yi. Ka koma gida, Malam. Ba ni ka zo gani ba, kuma ni na girmi zama da mutumin da ba ya nan."

Ban ji kunya ba, ban ji zafi ba. Na yi mata godiya, na sa takalmina. A hanya na tuna turaren yana aljihuna.

Abokina ya yi ta faɗa, ya ce na ba shi kunya wurin surukansa, ya kawo maganar wasu matan, daga baya ya gaji ya bari. Wata rana na ciro ɗaya daga cikin littattafan, na buɗe wurin da dattijon yake kuka a kan gawar matarsa. Na karanta har ƙarshe. Turancin yana nan da kyaunsa, na gane kowace kalma, na rufe na mayar.

Ban sake zuwa zance ba, ban kuma sake aure ba. Ɗiyata ce take aiko mini da abinci daga gidanta, ni kaɗai nake kwana a gidan nan.