Evaristo Mai Lasifika, Wanda Bai Taɓa Zare Waya Ba

Haihuwa da Nasaba

An haifi Don Evaristo Pagliero ranar 9 ga Maris, 1931, a garin Ombú Seco da ke lardin Santa Fe. Mahaifinsa Celestino maƙeri ne, mahaifiyarsa Doña Eufemia kuwa tela, kuma dukansu mutane ne masu shiru-shiru, har yau ba a gano inda ya gaji baki ba.

Karatu

Ya shiga makaranta a 1938, aka sallame shi a 1943, bayan ya miƙe a taron safe ya nemi shugaban makarantar ya bayyana wanda ya ba shi izinin kaɗa wa 'ya'yan mutane ƙararrawa. Daga nan ya duƙufa a ɗakin karatun ma'aikatan jirgin ƙasa, ya fito da aƙida guda wadda ya riƙe har kabari, wato hukuma ba ta da hurumi a bakin mutum, ko da shirme zai faɗa.

Sana'a

A 1954 ya buɗe shago, ya sayi na'urar magana, ya rataya lasifika goma sha huɗu a turakun lantarki tun daga tasha har ƙofar coci. Safe da yamma yana sa waƙoƙin tango da sakamakon ƙwallo da cigiyar dawaki, ba ya yin shiru sai lokacin ƙailula, wannan ma ya ce ganin damarsa ne. Ƙa'idarsa ita ce duk wanda ya shigo shagon yana da minti biyar ya faɗi abin da ya so, shi kuwa ba zai zare waya ba.

Mun sha wuya, wallahi! Mun ji 'yan gurguzu, mun ji masu wa'azi, mun ji wani mahauci da ya ɗauki kansa mawaƙi. Don Hilario mai kantin magani kuwa, duk Alhamis sai ya zo ya yi kira da a rufe wannan masifa.

"Kai ba ka da zuciya ne?" in ji Don Hilario wata rana. "Da kayanka fa nake zaginka."

"Matso kusa da abin maganar, Don Hilario, mutanen tasha ba sa jin ka sosai."

Aure da Iyali

A 1958 wata budurwa mai suna Nélida Sosa ta shigo, ta ƙarar da mintinta biyar tana shaida wa gari cewa mai lasifika ba shi da kunnen waƙa. Ya aure ta a watan Disamba. Babbar 'yarsu Graciela ta karanta shari'a a Rosario, ta dawo da ra'ayin cewa komai yana bukatar tsari da lasisi, abin da mahaifinta ya ɗauka a matsayin jarrabawa daga Ubangiji.

Shekarar Doka

A 1991 aka zaɓi Graciela kansila, kuma da ƙuri'arta majalisar gari ta zartar da dokar hana amfani da lasifika a kan titi. Sai dai bisa tsohon tsarin garin, doka ba ta fara aiki sai an karanta ta a bainar jama'a ta hanyar shelar da aka saba, kuma tun 1954 babu wata hanyar shela a Ombú Seco in ban da shagon Don Evaristo. Kowa ya fahimci lissafin: in ya hana a karanta, doka ta mutu, in ya bari, sana'arsa ta shekara talatin da bakwai ta mutu.

Ranar 4 ga Oktoba Graciela ta shigo da takardar dokar a hannu. Gari ya cika ƙofar shago.

"Tsoho, zare wayar nan mana!" in ji Doña Nélida. "Ka ce wuta ce ta ɗauke. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Baba," in ji Graciela a hankali, "in ka zare ba zan ji haushi ba."

"Ke dai karanta, ranki ya daɗe. Kuma ki buɗe baki, ba na son a ce 'yata tana cin kalmomi."

Dokar ta yi tsawo, minti biyar ya cika tana sashe na uku. Jama'a suka yi ta ihu cewa lokaci ya ƙare, ga ƙofa ta buɗe masa ba tare da saɓa ƙa'ida ba. Don Evaristo ya dubi agogo, ya ce shi ma ɗan gari ne, bai taɓa cin mintinsa biyar ba, ya ba ta. Da ta kai ƙarshe ya kashe na'urar da kansa. Ni mai wannan rubutu ina wurin, na yi kuka, kuma na ji haushinsa ƙwarai.

Rasuwa

Ya shafe sauran shekarunsa a kujera a ƙofar gida, yana shan shayin mate, yana gardama da duk wanda ya gifta. Ya rasu ranar 17 ga Yuli, 1996, yana da shekara sittin da biyar. Da safiyar nan Graciela ta buɗe tsohon shagon da gudu don ta yi shelar rasuwar, sai ga ɗan sanda ya cire hula, ya yi mata ta'aziyya cikin ladabi, sannan ya karanto mata sashe na ɗaya na dokar. Rabin gari bai ji labari ba sai bayan kwana biyu. Mutum goma sha ɗaya suka raka shi maƙabarta.

Ya bar matarsa Doña Nélida da 'ya'ya huɗu: Fermín, direban jirgin ƙasa, Ofelia, malamar makaranta, Lisandro, mai gyaran rediyo, da Graciela, wadda tun daga wannan rana take gabatar da ƙudurin soke dokar a farkon kowace shekara, majalisa kuma tana kayar da shi, domin mutanen gari sun ce sun ɗanɗana shiru ya yi musu daɗi.