Mma Memunatu, Wadda Ta Ɗauki Bahon Luba

Kafin kasuwar Nima ta cika, Mma Memunatu ta riga ta hura gawayi a ƙofar ɗakinta, a wani gidan haya da ke bayan babbar kwatar Maamobi. Ba abinci take ɗorawa ba, ruwa ne. Idan ya yi ɗumin da gwiwar hannu za ta iya jurewa sai ta sauke, ta jera tsummoki da gwangwanin man kaɗanya a gefen tabarma. A lokacin 'yan kaya sun fara taruwa, wato matan nan da ke zuwa daga arewacin Gana suna dako da baho a ka. Haka safiyarta take tun shekarar yunwa ta 1983 har zuwa bara, lokacin da hannuwanta suka ƙi.

Ba ta taɓa jikin kowa sai ta ce, "Sallame salla in gani." Mace ta juya kai dama, ta juya hagu, kamar mai idar da salla, Mma kuwa tana kallon kafaɗunta. Idan kafaɗa ta bi kai, wuya ya riƙe ke nan. Daga nan sai tambaya. Ciwon a ƙeya ya tsaya, ko yana gangarowa hannu? A ina kika kwana? Ta san amsar tun ba a ba ta ba: a barandar shago, kai a kan bakin baho. Ta san gammon da ya karkace, da lodin da yaran mota ke jefowa a ka daga sama, da waiwayen da mace ke yi da kaya idan torotoro, wato motar haya, ya danna mata oda a baya. Ba 'yan kaya kaɗai ke zuwa ba. Teloli da suka wuni sunkuye a kan keke ma suna bin layi, suna kawar da kai don kunya.

Aikinta ba shi da yawa, kuma ba ta gaggawa. Ta gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ta shafa mai, ta tausa naman gefen wuya da na kafaɗa, ba ta danna ƙashi. Ta koya wa mutum juya kai a hankali safe da yamma, ta naɗe masa zane ya zama matashi, ba mai tudu ba. Wanda wuyansa ya sanƙare da zazzaɓi mai zafi kuwa ko ruwan ba ta sa masa. "Wannan ba nawa ba ne," in ji ta. "Asibiti, yanzu-yanzu."

Abu ɗaya ne ta hana, shi ne murɗa wuya. Al'ada ce a wurin wasu wanzamai, idan an gama aski su kama haɓa da ƙeya su murɗa, a ji ƙas, mutum ya tashi yana jin sakayau. 'Yan kaya na son wannan domin ba ya cin lokaci. Mma ta ga ƙarshensa a kan wata yarinya, Damata, wadda ta je wurin wani wanzami da hannu yana mata sanyi. An murɗa, ƙafafunta suka daina jin magana. A kwance a kan buhuna aka sa ta a motar arewa, Mma ce ta riƙe mata kai har aka rufe ƙofa. Ba a sake jin labarinta ba.

Abin da zai biyo baya mai wannan rubutu ya ji shi daga bakin waɗanda suka gani, ya kuma sake tambaya, don tsoron ya ƙara ko ya rage.

Luba 'yar kaya ce mai goyo, tana ɗaukar wa wata mai sayar da doya kaya a kasuwar Nima. Dokar wurin sananniya ce: wadda ba a ga bahonta ba ranar Laraba, ranar kasuwa, ta rasa gurbinta, domin mata da yawa na tsaye suna jira. Wata safiya kofin koko ya suɓuce daga hannun Luba a gaban Mma. Ta ɗauka, ya sake faɗuwa.

"Tun yaushe yatsun nan suka mutu?"

"Ba komai, Mma. Kwanciya ce."

"Matse min hannu." Luba ta matse, Mma ba ta ji komai ba. "'Yata, jijiya ce ta danne. Kan nan ba zai ɗauki ko gammo ba sai ya huta."

"In na huta, yaron nan iska zai ci?"

Ta saɓa goyonta ta fita. Ba a jima ba aka zo aka gaya wa Mma cewa an ga Luba a rumfar Moro wanzami. Mma ta bar ruwa a wuta. Ta same ta zaune a kan benci, Moro ya riga ya kama haɓarta.

"Moro, sake ta."

"Haba, Mma, ƙas ɗaya ne kawai koraa, ta tafi aikinta. Ke sai ki wuni kina shafa mutum kamar ana gyaran amarya."

"Ka tuna Damata?"

"Ba ni na taɓa Damata ba. Hannuna daban."

"Wancan ma haka ya ce. In ƙafarta ta mutu, kai za ka goyi yaron? Kana da zane?"

Masu jiran aski suka yi dariya, amma Moro bai yi ba. Ya ɗauke hannunsa. Luba ta fashe da kuka tana cewa an tona mata asiri a banza, jibi Laraba ce, kuma mai doya ba ta san wani abu wai shi jijiya ba.

Mma ta tsaya tana kallon bahon da ke jingine da benci. Ita ma 'yar kaya ce a da. Wuyanta ne ya raba ta da sana'ar, an kuma gaya mata a asibiti tun tuni kada ta sake ɗora nauyi a ka. Ta san wannan sarai, ta san abin da yatsu ke yi kafin su mutu. Ta kuma san cewa magana ba za ta zaunar da uwa mai goyo ba. Sai ta sunkuya ta ɗauki bahon.

"Mai doya baho take nema, ko fuskarki?"

Washegari ta kai Luba asibiti. Likita ya ce ba sai an yi aiki ba, matuƙar za ta huta. Aka ba ta ƙwayar rage zafi da abin tallafe wuya, aka nuna mata motsin da za ta riƙa yi. Ranar Laraba kuwa mutanen Nima suka ji wata tsohuwar murya tana "Agoo! Agoo!" a tsakiyar cunkoso, neman hanya irin na 'yan kaya. Da suka waiwaya sai ga Mma Memunatu da doya a ka, jijiyoyin wuyanta sun miƙe kamar igiya. Haka ta yi har kakar doya ta wuce: da safe ta gasa wuyan Luba, da hantsi ta ɗauki bahonta, da yamma ta zube mata abin da aka samu a kan tabarma. Masu shago sun ga tana tsayawa a bakin kwata tana yarfe hannu. In an yi mata magana sai ta ce tururuwa ce ke yawo a ciki.

Luba ta warke, gurbinta yana nan. Yatsun Mma ne ba su dawo ba. Yau ba ta iya matse tsumma, ba ta iya ɗaura ɗankwali. Idan ta idar da salla, da dukan jikinta take juyawa ta yi sallama.

Mma, ke ce kika san farashin abin nan kafin ki biya. Ba kuskure kika yi ba, ba kuma rashin sani ba ne. Ke ce kika riƙe kan Damata a bakin mota, kika ƙi yarda a sake loda wata a kan buhuna. Uwar 'yan kaya, babu takarda mai sunanki a bangon kowa, amma akwai mata a Nima da ke waiwayawa idan 'ya'yansu sun kira su, kuma ke ce sanadi. Mun gode. Allah Ya sauƙaƙa miki abin da kika ɗaukar wa wasu.

Gawayin bai mutu ba. Luba ce ke hura shi yanzu kafin ta tafi kasuwa, ita ce kuma ke tausa wa mata wuya. Mma na zaune a kan kujera 'yar tsugunne tana cewa, "Ƙasa kaɗan. Ba ƙashi ba, naman. A hankali, ba doya ba ce."

Saura mu. Wanda ya ga 'yar kaya tana ƙoƙarin sauke lodi ita kaɗai, ya sa hannu ya taya ta. Yaran mota su daina jefa kaya a kan mutane. Mai saye ya raba kayansa sawu biyu. Wanda yatsunsa suka fara mutuwa ya nufi asibiti, kada ya nufi bencin wanzami.

Idan kuma kun biyo ta bayan kwatar Maamobi kun hango ta zaune, kada ku gaishe ta daga baya. Za ta so ta waiwayo, ba za ta iya ba. Ku zagayo ta gabanta.