Baba Albarka, Mai Riƙon Ginar Dogo

Idan aka sallame sallar asuba a Tungar Gawo, kowa yakan nufi gida ya nemi kunu. Baba Albarka shi kaɗai yake saɓa gorarsa ta tuƙin jirgi ya gangara fadama. Ba ya sauri. A tashar jirage yakan tuɓe takalmi, ya naɗe wando har cinya, ya zura ƙafar dama cikin ruwa, ya yi shiru kamar mai sauraren magana daga nesa. Da wannan ya san ko ruwa ya ƙaru ko ya ja. Sannan ya shiga ɗan jirginsa ya tura. Jim kaɗan sai ya soka gorar har ƙasa, ya zaro, ya murza abin da ya maƙale a bakinta tsakanin yatsu biyu. In laka ce baƙa mai santsi, ya wuce. In ya ji yashi, sai ya sauka da shebur. Shekara hamsin da ɗaya yana wannan aiki. Bana ya ajiye gorar, shi ya sa na ce ba zan bari abin ya wuce shiru ba.

Wanda bai san ƙasar Kalgo ba zai ce ai kwata ce kawai. Ginar Dogo hanyar ruwa ce da aka haƙa da hannu, faɗinta bai wuce jirage biyu su gifta juna da kyar ba. Ta taso daga babban tafkin da ke tsakiyar gonakin shinkafa, ta biyo ta gaban tunga, ta faɗa gulbi. Duk ƙwayar shinkafar da mutanen Tungar Gawo suke nomawa ta nan take fitowa. Lokacin girbi fadama taɓo ce har cinya, jaki ba ya shiga, balle mota. In babu ruwa a gina, shinkafa tana nan inda aka yanke ta, sai tsuntsu da danshi su raba.

Kakan Baba Albarka, Mamman Dogo, shi ya fitar da ita, tun kafin hanyar mota ta zo Diggi, zamanin da hatsi da gishiri da busasshen kifi a jirgi suke yawo. Tsofaffi sun ce bai ja igiya ba, bai auna komai ba. Damina biyu yana zaune yana kallon yadda ambaliya take janyewa. Duk inda zaren ruwa na ƙarshe ya bi ya koma gulbi, nan yake kafa turke. Da rani ya kira gayya, aka bi turakun nan aka haƙa. Shi ya sa ginar take da lanƙwasa tara, tana tafiya kamar ba ta son isowa. Dogo ya bar wa ɗansa, ɗan ya bar wa Albarka yana saurayi, da gargaɗi guda: a yashe ta, a share ta, amma kada a miƙar da ita.

Ni da ban taɓa cika shekara a gari ɗaya ba tun da na bar makaranta, wannan abu yana ɗaure mini kai. Mutum ɗaya, hanya ɗaya, fiye da rabin ƙarni. Ba albashi, ba rawani. Da damina ruwa ya shafe fadama ta zama shimfiɗa guda, shi ne yake ɗaura kaba a kan turaku don matuƙa su ga hanya. Da rani shi ne yake cire ciyawar burgu da kainuwa, yana kwasar yashi kwando bayan kwando.

Abin da ya sa aka san darajarsa ya faru shekara huɗu da suka wuce. Ina Legas a lokacin. Inna Jummai, wadda take turara shinkafa a bakin tasha, ita ta ba ni labarin, wasu kuma suka cika mini.

A bazarar shekarar aka yi wa Baba aikin ido, ya zauna wata biyu a Gwandu gidan 'yarsa Hafiza. A tunga kuwa akwai Abdulrasheed, magidanci mai ƙwazo, wanda ya fara sa wa jirgi inji a wajenmu. Lanƙwasar nan ta daɗe tana ba shi haushi, don kafin inji ya ɗauki gudu sai an rage. Ya tara majiya ƙarfi ya ce musu, "Tsohon ga ya gaji wahala ne ya ɗauke ta gado. Mu tsaga nan, mu ƙetare ukun can na tsakiya, mu huta. In ya dawo ma shi gode muna." Ba mugunta ya nufa ba. Kwana goma sha biyu suna haƙa, suka fitar da yanka miƙaƙƙe sambal.

Baba ya dawo ruwa ya riga ya sauka. Washegari ya gangara kamar kullum, ya sa ƙafa a ruwa. Inna Jummai ta ce bai kai numfashi uku ba ya juyo.

"Jummai, wa ya taɓa ginar ga?"

"Baba, daga ƙafa ka ji?"

"Ruwan sauri shikai. Ban san shi da sauri ba."

Da aka gaya masa, bai zagi kowa ba. Ya sami Abdulrasheed ya ce masa ƙasar da suka tsaga yashi ce a ƙarƙashi, kuma tafki zai zube kafin shinkafa ta nuna. Abdulrasheed ya yi dariya ya ce, "Baba, an gyara maka ido, saura ka ga zamani." Ruwa ya riga ya rufe wurin, ba damar toshewa. Duk daminar nan jirage suna shararawa ta sabon yanka ana yabon Abdulrasheed, shi kuwa Baba yana sarar turaku yana tarawa a bayan ɗakinsa. Matarsa Delu har ta tambaye shi ko rumfa zai kafa.

Da kaka ta zo, ruwa ya ja da wuri, kusan mako uku kafin lokacinsa. Gefen sabon yankan ya zabtare ya cike shi. Tsoffin lanƙwasa ukun kuma, da yake ruwa ya daina bin su da ƙarfi, laka ta daskare a cikinsu. Hanya biyu, babu wadda jirgi zai bi ko da babu kaya. Shinkafar shekara guda tana tsibe a gonaki, a kan ƙasa mai jiƙa, ta ƙasan ta fara ɗumi. Wasu suka gwada ɗauko buhu a ka, mutum ɗaya ya yini bai fito da biyu ba. Aka lissafa a ga ko shebur zai iya: ko tunga duka ta fito sai an yi wata guda, ruwan da ya rage a tafki kuwa kullum tsiyaya yake.

A zauren mai gari Abdulrasheed ya durƙusa gaban Baba. Baba ya ce, "Tashi, gwiwarka ba ta yashe gina. Ka tara min mutanen da kunka haƙa da su."

Ranar farko ya fito da turakun nan na bayan ɗaki. Aka datse bakin tafki da su, da dammunan burgu da buhunan laka, don kada ɗigo ya ƙara fita. Aka toshe bakin sabon yanka shi ma. Sannan ya faɗi abin da ya sa zaure ya yamutse: zai kira shanu.

Wanda ya san fadama ya san nauyin wannan magana. Ba a sakin shanu sai an kwashe damin ƙarshe, mai gari ya yi shela. Kafin nan, kofato ɗaya a gona yana iya jawo abin da ba a fata. Inna Jummai da kanta ta tare shi a hanya ta ce, "Baba, shanu tsakiyar shinkafa? Ruwa ya ci rabi, kai kuma za ka ba Fulani rabi?" Ya ce mata, "In sunka ci dami ɗaya, ki zo ki kwashe rumbuna."

Ardo Jibrin, wanda yake gangarowa da garkensa daga wajen Maruda kowace shekara, yana zaune a tudu yana jiran shela. Shi da Baba sun yi shekara talatin suna faɗa suna shiryawa a kan wurin ƙetarar shanu. Da Baba ya gama bayani, Ardo ya dube shi sama da ƙasa.

"Albarka, likitan nan ido ya taɓa maka ko ƙwaƙwalwa? Kai da ka korata da gora in na matso ginar ga, yau kai ka kirana in shiga?"

"Ba kai nika so ba, Ardo. Kofaton shanunka nika so. Kai ka zauna ka sha nono, dama ba ka iya ruwa ba."

"In wata ta miƙa wuya ta ɗauki dami fa?"

"Na ce da mutane ba su yi."

Ardo ya ce, "To, tunda ka ce, ba su yi."

Da hantsi aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Baba Albarka a gaba, laka har ƙugu, yana soka gora yana nuna tsakiyar tsohuwar hanya, don shi kaɗai ya san inda ƙasan yake da ƙarfi da inda zai haɗiye saniya. Ardo yana bayansa yana kira a hankali, babbar saniyarsa tana bin muryar, sauran suna biye ɗaya bayan ɗaya, sun fi ɗari biyu. Makiyaya a gefe da gefe da sanduna. Manoma sun jeru a bakin gonakinsu, kowa ya ƙura ido ga tsibinsa, babu mai tari. Shinkafa hagu, shinkafa dama, ƙamshinta ya cika wurin, shanun kuwa sun yi wata suna cin busasshiyar ciyawa. Sau shida suka bi lanƙwasa ukun nan, tafiya da dawowa, yini biyu. Kofato ya farfasa daskararriyar lakar nan ta koma kamar kunu. Ba a taɓa ko zangarniya ɗaya ba.

Rana ta huɗu da safe Baba ya tsaya a bakin tafki ya ce, "Ruwan ga sau ɗaya za shi yi muna aiki. Kowa shi shirya jirginai." Ya yi bismillah ya zare turken tsakiya. Ruwan da aka tsare ya fito da ƙugi, ya shiga lanƙwasa ta farko baƙi ƙirin, ya kwashe lakar ya yi gulbi da ita. Kafin azahar jirgin farko ya iso tasha, buhuna har baki. Inna Jummai ta ce ta so ta yi guɗa, kuka ya riga ta. Kwana biyar ana jigila daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Jirgin ƙarshe na Abdulrasheed ne, ya kashe inji, shi da Baba suna cikin ruwa suna turawa, cikin jirgin yana gogar ƙasa. Washegari ginar ta ƙafe. Mai gari ya yi shela, shanun Ardo suka shiga burgu.

Baba Albarka, kai ne wanda ya san hanya ko ruwa ya rufe ta, ko laka ta binne ta. Kai ne ka ga kuskure tun da ƙafarka, ka ƙi tozarta mai shi, ka tafi sarar turaku. Kai ne ka sa manomi ya tsaya yana kallon saniya kusa da daminsa hannunsa a sake, don maganarka ta ishe shi. Jikan Dogo, mai gorar da ba ta ƙarya. Mun ci tuwon shinkafa shekara da shekaru ba mu tambayi ta ina ta fito ba. Ka yafe mana.

Bana bayan girbi ya ce bayansa ya daina yarda da shebur. Aka taru a tasha. Mutane sun zaci zai nemi wani daga dangi. Sai ya miƙa wa Abdulrasheed gorar. Wani ya ce, "Baba, wanda ya tsaga ta?" Ya ce, "Shi ɗai ya san abin da ka faruwa in an tsaga. Ku sauran, labari kunka ji."

Yanzu da safe Baba yakan zauna a kan wani tsohon jirgi da aka kife a tasha. Abdulrasheed ya dawo daga zagaye ya miƙa masa bakin gora, Baba ya murza. Ran nan ina wurin ya ce, "Wagga ta lanƙwasa ta shida ce. Yashi ya fara sauka. Ka tsaya ko ka wuce?" Abdulrasheed ya sunkuyar da kai, ya juya jirgi ya koma.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara lafiya, ya jiƙan Dogo da waɗanda suka haƙa tare da shi. Ku kuma da kuke da irin wannan gina a garinku, ko a Wurogauri ko a ina, akwai wani tsoho da yake shiga laka dominku. Ku neme shi yana da rai, ku tambaye shi dalilin kowace lanƙwasa kafin ku ɗauki shebur. Mu a Tungar Gawo an sa gayyar yashe gina Asabar ta farko bayan ruwa ya ƙafe. Na yi niyyar komawa Legas kafin nan. Na fasa. Baba ya ce in zo da kwando, kuma in bar takalmina a gida.