Maganin da na yi wa yayana alkawari

Ban taɓa shan wuya irin ta shekarar nan ba. Tun ina saurayi nake fawa a Garwa, ko ido rufe na taɓa hanta na san mai lafiya da wadda ta lalace. Ran da na dafa cikin yayana a Pitowa, na ji tauri a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, na gane. A lopital ma, wato asibiti, abin da suka ce ke nan, ciwon daji ne.

Ina da 'ya a Faransa. Yayan nan nawa shi ya riƙe ta tun yaye, shi ya sa ta lekol, makarantar boko, lokacin da nake cewa ɓata lokaci ne. Iyakar sanina, aikinta haɗa maganin daji. Sai na buɗe baki a gaban matarsa da maƙwabta na ce, "Yaya, kwantar da hankalinka, 'yarka za ta aiko da shi."

Na kira ta daga bakin mayanka.

Ta ce, "Baba, bai zama magani ba tukuna. Jiki yana da sojojinsa. Ciwon yana fitar da wani sinadari mai cinye abincinsu, sai su yi laushi su kwanta. Mu muna ƙera wani ɗan ƙanƙanin abu ne da zai toshe bakin sinadarin, sojojin su farfaɗo."

Na ce, "To aiko da matoshin."

"Yawancinsu zane ne a kwamfuta. Wanda muka haɗa, ko ɓera ba a ba shi ba."

"Au, ɓera ne a gaban Baffanki?"

"Baba, hanta ce ke tace magani, tasa kuwa ta gaji. Wannan zai iya kashe shi."

Ni za ta koya wa hanta. A wurinmu, wanda ke da saiwa a aljihu ba ya ce wa mai ciwo ya dakata, ko makiyayin da bai san ka ba zai ɓantara ya ba ka. Na ce sai yaushe? Ta ce wataƙila shekara goma, wataƙila ma ba zai yi ba sam. Na faɗa mata maganar da ba zan rubuta ba, na kashe waya tana kuka.

Har yau raina a ɓace yake. Na san ba ƙarya ta yi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ba wanda ya aike ni yin alkawari, ga mutum kwance yana tambayar duk motar da ta tsaya ko saƙonsa ne.

Ran nan kafin la'asar sai 'yar tawa ta turo sunan wani maganin rage zafi, ta ce a tambayi likita.

Washegari ban je mayanka ba. Na biya lopital da wayar, likita ya rubuta, na saya, na shiga motar Pitowa. Na zauna bakin tabarmarsa na ce, "Yaya, wancan maganin babu shi. Ni ne na yi azarɓaɓi. Tashi ka sha wannan."