Mai Sunan Hajiya

Shekarar da na shiga kwaleji Yaya ta zo ta zauna da mu a unguwar Parkchester. Ɗiyar wan babana ce, ta girme ni da shekara tara, kuma gudu ne sana'arta, mita ɗari takwas. Ta wakilci ƙasarmu a gasanni da dama kafin wani koci a nan New York ya ce ta zo ya horar da ita. Ɗakina muka raba. Littattafaina suka koma ƙarƙashin gado, takalman gudunta suka hau kantar littattafan.

Sunan kakarmu aka sa mata, mahaifiyar Baba, don haka ba mai kiran sunanta a gidanmu. Ni ina ce mata Yaya, Baba yana ce mata Uwata. Umma kuwa Mai Sunan Hajiya take cewa, domin tun da ta auri Baba sunan surukarta bai taɓa fita daga bakinta ba, har bayan Hajiyar ta rasu.

Akwai wata doka a kan 'yan wasa irin Yaya, wadda ban san da ita ba sai da ta zo. Hukumar da ke sa ido kan shan ƙwayoyin ƙara kuzari tana son sanin inda suke kowace rana. Ɗan wasa zai shiga kwamfuta ya rubuta adireshi da awa ɗaya da za a same shi, sai masu gwaji su zo ba sanarwa su ɗauki fitsari ko jini. In sun zo sau uku cikin wata goma sha biyu ba su same ka ba, za a dakatar da kai, ko da jininka fes yake.

An riga an zo ba a sami Yaya ba sau biyu. Na farko a can ƙasarmu, lokacin da aka mayar da sansaninsu wani gari, sakataren da ke riƙe da lambobin sirrin 'yan wasa ya manta bai canza adireshi ba. Na biyu a nan. Tana aikin kula da wata tsohuwa a unguwar Flatbush, wadda za ta canje ta ba ta zo a kan lokaci ba, ita kuma ba za ta bar tsohuwa ita kaɗai ba. Ta iso gida awar da ta rubuta ta riga ta wuce. Daga ranar ta danƙa mini aikin cike fom ɗin hukumar, ta ce ni ce mai karanta har ƙananan rubutun bayan kwalin magani.

Na riƙe aikin da gaske. Muka zaɓi shida zuwa bakwai na safe. Na rubuta lambar gini da hawa da ƙofa, na ƙara da bayanin ta inda ake shiga, saboda gine-ginen unguwarmu duk jan bulo ne iri ɗaya, baƙo yana iya yini yana zagaye. Kowace Lahadi sai na sake dubawa. Abin da ban yi ba shi ne yi wa Umma bayani. Yaya tana jin nauyin gaya mata cewa wata baƙuwa ce ke binta bayi ta tsaya tana kallo. Da masu gwajin suka taɓa zuwa, ita da kanta ta buɗe, ta ce wa Umma mutanen koci ne. Ni ma na yi shiru, don shiru ya fi mini sauƙi a kan komai.

A lokacin sanyin nan tsoro ya cika unguwa. Jami'an shige da fice sun kama wani maƙwabcinmu ɗan Nijar mai sayar da jakunkuna a Canal Street, bayan sallar Juma'a kuma wani lauya ya zo masallaci ya ja wa mutane kunne kada su buɗe wa kowane jami'in gwamnati ƙofa. Takardunmu lafiya suke, na Yaya ma haka, amma Baba ya maimaita wa Umma maganar sau da yawa kafin ya fita da tasi.

Ranar da abin ya faru ina da jarrabawa, na fita kama jirgin ƙasa mai lamba shida tun kafin shida. Yaya tana bayi ta tsoma ƙafafunta a ruwan sanyi, famfo yana zuba, wayarta tana ɗaki. Ƙararrawar ƙofar ƙasa ta buga. Umma ta danna maɓallin magana da na ƙasa, ta ji muryar mace ta kira cikakken sunan Yaya da Turanci, ta kuma ce ita jami'a ce. Umma ta ce mata babu kowa, da ɗan Turancin da take da shi. Aka sake bugawa, ta kashe fitila ta zauna.

Sai da yamma ta ba mu labari tana kwashe tuwo, fuskarta a sake, wai yau ta kori 'yan imigireshan ita kaɗai. Yaya ta ajiye cokali.

"Umma, ƙarfe nawa ne?"

"Shida da rabi ta ɗan wuce. Ke kina ta wasan ruwanki kamar agwagwa, ban so in tayar miki da hankali ba."

Yaya ta tashi ta ɗauko wayarta. Akwai kira ɗaya da ba ta ɗauka ba, daga baƙuwar lamba, bakwai saura minti biyar. Da safe ta gan shi ta ɗauka masu talla ne. Ta dawo ta zauna ta cinye tuwonta duka, har ta ce miyar ta yi daɗi, sannan ta shiga ɗaki. Ni aka bari in yi wa Umma bayanin da ya kamata in yi mata tun watanni da suka wuce.

An ba mu damar kare kai. Wata lauya mai taimaka wa 'yan wasa kyauta ta ce shaidar Umma ce kaɗai za ta iya sa a rage hukuncin, in sun yarda Yaya tana cikin gidan kuma tsoro ne ya hana a buɗe. Suka ce ba su da tafintan Hausa, mu kawo namu. Ni ce na zama tafinta. Na yi mako biyu ina shirya kalmomi a littafina, har da bayanin dalilin da ya sa Umma ba ta kiran sunan, layi huɗu, na gyara su na sake gyarawa.

Ta kwamfuta aka yi zaman, mu a falonmu, mutum uku a kan allo kowa a ƙasarsa. Umma ta sa mayafinta na zuwa suna. Shugaban zaman ya gargaɗe ni cewa abin da aka faɗa kawai zan fassara, kada in ƙara ko kalma ɗaya, na ce na ji. Lauyan hukumar ya fara da tambayar da ya ɗauka mai sauƙi ce. Ya ce Umma ta faɗi sunan wadda ke zaune a gidanta.

Umma ta sunkuyar da kai. "Mai Sunan Hajiya," in ji ta.

Na fassara kamar yadda ta faɗa. Ya ce suna yake nema. Umma ta juyo gare ni ta ce a hankali, "Ke gaya musu mana." Wannan ma na fassara shi. Na ga ɗaya daga cikinsu ta rubuta wani abu.

"Umma, ki faɗa," in ji Yaya. "Hajiya ba za ta riƙe ki ba."

Shugaban ya katse ta, ya ce kada ta sa wa shaida magana a baki. Littafina yana buɗe a kan cinyata, layukan nan huɗu suna gabana. Abin da ya rage kawai in ce a ba ni izinin yin bayani. Ban nemi izinin ba, na yi ta kallon ƙaramin hoton fuskata a gefen allo. Daga ƙarshe Umma ta faɗi sunan, can ƙasa, har aka ce ta maimaita, ta maimaita. Da aka gama ta shiga kicin ta daɗe tana wanke tukunyar da ba ta da datti.

Takardar hukunci ta zo bayan makonni. Shekara biyu. Sun rubuta cewa nauyin shirya mutanen gida a kan ɗan wasa yake, wannan kuwa gaskiya ne. A wani sakin layi sun ce shaidar ta yi jinkiri wajen ambaton sunan 'yar wasan, don haka ba su ba maganarta nauyi sosai ba. Na karanta wannan wurin ni kaɗai a ɗakin karatu na kwaleji. Da Umma ta ce in fassara mata takardar, na tsallake shi.

Dakatarwar ta hana Yaya ko yin atisaye da ƙungiyar kocinta. In kuma tana son dawowa, dole ta ci gaba da rubuta awarta kowace rana har shekara biyun su cika, a lokacin tana da talatin da ɗaya. Ta yi wata uku tana gudu ita kaɗai a zagayen unguwa, ni ina ci gaba da cike fom. Ba ta taɓa ɗora wa kowa laifi ba. Na so ta yi mini faɗa ko sau ɗaya.

Wata Lahadi na buɗe kwamfuta zan duba mako mai zuwa, sai ta ce in bari, in rubuta musu cewa ta yi ritaya. Na ce ko za ta ƙara tunani. Ta ce ta gaji da zaman jiran ƙararrawa, kuma iyalan tsohuwar nan ta Flatbush suna son ta koma can gaba ɗaya. Na rubuta wasiƙar, jimla uku, na karanta mata. Ta tambaya ko akwai kuskure. Na sake dubawa, na ce babu.

"To tura," in ji ta.

Na tura. Ta miƙe ta fara ninke kayanta, Umma tana tsaye a bakin ƙofa tana tambayarta ko a can suna da tukunyar da za ta isa dafa wake.