Hoton Talatu da Ƙwarya a Kafaɗa

Shekara takwas ke nan da wata tifa mai ɗauke da yashi ta bi ta kan yayata Talatu a hanyar Dei-Dei. A duk shekarun nan babu wanda ya tako gidanmu da maganarta in ba dangi ba, sai bana. A watan jiya wata mota mai baƙin gilashi ta tsaya a ƙofar gida, mata biyu suka fito suna kare hanci daga warin kwata. Suka ce su 'yan kwamitin wasannin mata ne, za su shirya wa 'yan matan sakandare gasar ƙwallon kwando da sunan Talatu. Izinin iyali suke nema su buga hotonta a fosta, a manna ko'ina a gari. Har sun zo da hoton da suka zaɓa. Saboda hoton nan nake wannan rubutu, ba don ina da lokacin zaman makoki a jarida ba.

A hoton, Talatu na tsaye da ɗaurin ƙirji na baƙin saƙi, da ƙatuwar ƙwarya a kafaɗa, tana murmushi. Babu ƙwallo, babu kwando, babu rigar wasa. Wanda bai san ta ba zai ce daga gona ta dawo. Nan take na ce a'a. Mama, mahaifiyarmu, a ranar hoton kawai ta riƙe tana kallo.

Bari in gaya muku ko wace ce Talatu, tunda garin nan cike yake da mutanen da suka zo jiya.

Mu Gbagyi ne, waɗanda kuke ce wa Gwari. Ƙauyen da aka haife mu yana nan kusa da Jabi, ga mai idon da ke ganin ƙarƙashin kwalta. Ina ƙarama aka tashe mu aka kai mu bayan Dei-Dei, aka ce birni zai wuce ta kanmu. Ya kuwa wuce. Talatu ce babba a ɗakinmu, ni ce auta, ta ba ni shekara goma da wani abu. Doguwa ce irin wadda sai ta sunkuya take shiga ɗaki, har samarin ƙauye na ce mata sandar tsinko mangwaro.

A wurinmu mace ba ta ɗora kaya a ka. Kai shi ne sarkin jiki, shi ke yin tunani, ba a mai da shi jaki. A kafaɗa muke ɗauka: itace, doya, tulun ruwa, komai. Talatu tun tana 'yar mitsitsiya take wannan ɗauka, har kafaɗarta ta dama ta yi kanta. Da ta shiga kwalejin horon malamai aka miƙa mata ƙwallo saboda tsawonta, sai ta yi abin da jikinta ya sani. Sauran 'yan wasa daga saman goshi suke jifa. Ita kuwa sai ta ɗora ƙwallon a kafaɗa, dab da kunne, ta ɗan ranƙwafa, ta tunkuɗa shi sama kamar mai miƙa doya ga ɗan kamasho a kan babbar mota. Ba shi da kyan gani, ni ma na yarda. Amma yana shiga.

Kocin kwalejin, Malam Garba, ya yi zango guda yana fama ya gyara mata. Da ya gaji ya jefar da usur ɗinsa ya ce, "Ke Talatu, yi jifarki yadda uwarki ta koya miki. Kwando bai san gaba da baya ba." Daga nan ta buɗe. Shekara uku tana kyaftin. Kwalejin da a da ake gayyatar matanta gasa don a cike gurbi, sau biyu Talatu na dawo mata da kofin gasar kwalejoji. Masu tsaronta ba su taɓa gane lokacin da za su yi tsalle ba, don ƙwallon na fitowa daga inda ba a koya musu su duba ba.

Sau ɗaya na gan ta a babban wasa, ina firamare, wani kawunmu ya kai ni. Wasan ƙarshe ne. Magoya bayan ɗaya kwalejin suka cika gefe guda suna buga gwangwani suna ihu, "Bagwariya, ina doyar?" Ni na fashe da kuka don haushi. Ita ko kallonsu ba ta yi ba. Jefawa take, tana komawa baya da gudu, tana nuna wa abokan wasanta inda za su tsaya. Kafin a tashi gwangwanin ya yi shiru. Da ta fito, jesinta sharkaf da gumi, ta ɗaga ni sama ta ce, "Auta, me ya sa ki kuka? Doya suka tambaya, na sauke musu a kwando."

Wannan ce matar da za a buga da ƙwarya.

Ta gama kwaleji daidai lokacin da gwamnati ta naɗe tabarmarta daga Legas ta dawo nan. Waɗanda ba su gani ba ba za su gane ba. Manyan motoci dare da rana, shaƙe da tebura da kujeru da kabad, ma'aikata na sauka a tasha da iyalansu suna tambayar ina ake samun ruwa. A wancan lokacin wasu manyan ma'aikatu na da ƙungiyar 'yan wasa mata. A ɗauke ki aiki, a ba ki tebur da ɗaki, ki buga musu wasa. Talatu ta ce to, an cinye mana gona, amma ga shi an kawo mini fili har gida. Ta wanke jesinta ta tafi wata ma'aikata da ba zan ambata ba.

Kocinsu, wanda suka taho da shi daga Legas, ya sa ta yi jifa. Ta yi, ya shiga. Ta sake, ya shiga. Sai ya kwashe da dariya ya ce wa 'yan wasansa da Turanci su zo su ga yadda ake sauke kaya a kasuwa. Ya ce in tana son gurbi ta je ta koyi jifar mutane. Ta koma gida ta yi watanni tana tilasta wa hannunta abin da bai saba ba, har sabuwar jifar ta ƙi zama, tsohuwar ma ta fara yi mata gardama. Da ta koma, aka ce mata ƙungiya ta cika tun daga Legas.

A nan ne ogan wasannin ma'aikatar ya kira ta ofis. Ya ce akwai bikin tarbar manyan baƙi, ana neman doguwar yarinya 'yar asalin wuri ta tsaya a gaba da ƙwarya. Ta taimaka musu da wannan, in ya so bayan biki shi da kansa zai sa a sake gwada ta. Ta yarda. Ni da Mama mun je kallo. Ta tsaya a rana tun hantsi har baƙin suka iso bayan azahar, suka wuce ta gabanta suna tafi. A nan aka ɗauki hoton. Ya shiga kalanda, ya shiga bangon ofisoshi da otal-otal, babu suna a ƙarƙashinsa. Kiran gwaji bai zo ba. Da ta gaji da jira ta koma wurin ogan, ya ɗago ya dube ta ya ce, "Au, mai ƙwaryar nan! Yaya gida?"

Bayan haka ta karɓi koyar da wasanni a wata makaranta kusa da mu. Ta sa mai walda a Dei-Dei ya lanƙwasa mata rodi ya zama kwando, ta kafa a jikin turke, ta tara 'yan mata tana koya musu a kan jar ƙasa. Ba ta shekara uku a nan ba tifar ta same ta, tana kan acaɓa za ta makaranta. Yashin na ginin birni ne. Direban ya gudu, amma yashin bai kwana a hanya ba, wata motar ta zo ta kwashe.

Yanzu ina tsaron shago a Gwarinpa, kuma nakan tambayi kaina me Talatu za ta ce da ta ga garin nan yau. Akwai filayen ƙwallon kwando masu siminti da fenti, a bayan katanga, da maigadi a bakin ƙofa. 'Ya'yan oga na wasa a ciki da takalma masu tsada, 'ya'yanmu na leƙe ta tsakanin ƙarafa da farantin gyaɗa. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Namu baƙin da suka sauka, kankare suka zama. Abin da ke ƙara ƙona mini rai, na san Talatu ba za ta yi fushi kamar ni ba. Za ta yi dariya, ta je ta yi wa maigadin daɗin baki har ya buɗe wa yaran. Ita haka take, kullum tana zaton gobe za a kira ta. Ni ban gaji wannan ba, kuma ba na nema.

Kada wani ya ce ƙwarya nake jin kunya. Ni ma a kafaɗa nake ɗaukar kaya har gobe, kuma da wannan kafaɗar Talatu ta ci kofunanta. Abin da na ƙi shi ne, garin nan wuri ɗaya tak ya tanadar wa macen Gbagyi: a bakin ƙofa, a tsaye, tana murmushi, manya na wucewa ciki. Tana raye suka ajiye ta a wurin. Yanzu ta mutu sun zo su karrama ta, a wurin dai za su sake tsayar da ita.

Na faɗa wa shugabar kwamitin haka da ta dawo jin amsa. Ta cire gilashinta ta ce, "Ƙanwata, ki fahimta, wannan hoton ne jama'a suka sani. Yana nuna al'ada."

Na ce, "Madam, gasar al'ada za ku yi ko ta ƙwallo?"

Ta ce, "To kawo mana wanda take wasa mana, yanzun nan mu canza."

Nan ta kama ni. Babu. Guda ɗaya muke da shi, na ƙungiyarsu da kofi a gaba, ruwa ya cinye shi shekarar da iska ta yaye mana rufi. Na shiga mota na je har kwalejin. Bangon ofishin wasanni cike yake da hotunan maza 'yan ƙwallon ƙafa, har da waɗanda ba su taɓa cin komai ba. Kofunan Talatu biyu na cikin kabad sun yi baƙi, babu sunan kowa a jiki. Malam Garba ya rasu. Magatakardan da na tarar ya tambaye ni ko na tabbata mata ne suka ciyo su.

Na dawo na ce to a buga sunanta kawai, ba hoto. A nan Mama ta yi magana. Ta ce, "Auta, ke da gari kike faɗa. Ni 'yata nake so in gani." Na ce Mama, ihu ne bayan hari, suna son su yi ado da ita ne kamar wancan karon. Ta ce ta sani, ba yarinya ba ce ita. Ta ce da babu gara ba daɗi, idonta ya fara dushewa, kuma kafin ya rufe tana so ta shiga tashar Jabi ta ga fuskar Talatu a bango da sunanta a ƙasa, ko da turmi aka ɗora mata. Na yi surutu, na buga ƙofa, na ƙi cin tuwo. Amma ita ta haife ta, ni bin bayanta kawai na yi. Mama ta ba su izini. An kayar da ni.

Me ya rage na Talatu ke nan? Kofuna biyu marasa suna. Wasu mata a bayan Dei-Dei, yanzu da goyo, da har yau in suka ji ƙarar ƙwallo a ƙasa sai sun waiwaya. Da uwa mai jiran fosta. Ba yawa, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa ya isa ba.

Fostar za ta fito, za ku gan ta a Jabi da Gwarinpa da jikin motocin haya. In kun tsaya kallo, ku lura hoton a gwiwa ya ƙare. Ba kuskuren mai hoto ba ne, sa shi aka yi ya yanke. A ranar bikin, matar da ke shirya 'yan tarba ta ce kowa ta tsaya ba takalmi, haka al'ada take. Duka suka cire, ban da Talatu. Da kambas ɗinta na wasa ta zo, fari, ta wanke shi ta ɗaure igiyarsa tam. Matar ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta kira oga. Ina tsaye ina ji Talatu ta ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ce bayan biki za a gwada ni. In an kira ni daga nan, ba zan tsaya neman takalmi ba."

Ku kalli ƙwaryar in kuna so, taku ce, ku kuka ɗora mata. Yayata tana nan daga gwiwa zuwa ƙasa, inda aka yanke.