Gayyar da na ja Yaya Sale

Bana shekara tara ke nan da muka binne yayana Sale a ƙauyenmu, kusa da Zakirai. Mutane na cewa kwana ne ya ƙare. Haka ne. Amma bakin da ya tura shi gona nawa ne.

Ciwon ƙirji ya kayar da shi farkon damina. Kwana biyu muna ɗura masa kanwa da maganin olsa kafin a kai shi asibiti a birni. Likita ya ce jijiyar zuciya ce ta toshe, jini ya samu hanya, amma dole ya huta sati shida. Yaya ya dawo gida yana cin tuwo yana dariya. Ni da na tsaya a aji huɗu na yanke hukunci ya warke. Ranar gayyar noman gerona, sati shidan bai cika ba, na leƙa zaurensa na ce, "Yaya, sarautar ragwaye likita ya naɗa maka?" Ya ce, "Kai Habu, ni da na koya maka riƙon garma?" Ya saɓa tasa. Bai kai azahar ba.

Bara 'yarsa Hadiza, wadda ta zama ma'aikaciyar jinya, ta yi mini bayanin da ban nema ba. Ta ce, "Baffa, ko jini ya dawo, naman zuciyar da ya mutu rauni ne, kumbura yake yi kamar kowane miki, ido ne dai ba ya gani." Wai jijiya na yin wata iska, naitirik oksaid, mai buɗe wa jini hanya, amma lokacin kumburi takan yi yawa ta ƙara ɓarna. Na ce kamar takin zamani ke nan, kaɗan ya raya shuka, ka cika hannu ya ƙone ta. Ta ce haka ne. Ba ta san abin da na faɗa wa ubanta ba.

Da Yaya zai leƙo yau, me zai gani? Kemis a kowane lungu, amma duk mai dafe ƙirji olsa ake ce masa, duk mai jinya a damina kuma rago ne. Ba mu canza ba.

Magana zarar bunu ce. Abin da ya rage mini na Yaya shi ne garmarsa da ke jingine a rumbuna, da Hadiza mai durƙusawa ta gaishe ni. Na san tana karanta jaridar nan. Hadiza, ni ne na kira shi gayyar.